Ɗigon da ke ƙarƙashin harafin fa: nazarin lamarin wata mai fassara a Sakkwato

Matar da wannan bayani ya shafa ta yarda a rubuta shi bisa sharaɗin kada a kama sunanta ko na danginta. Ta hanyar aiki na san ta, don shagon mijinta ne yake buga wa makarantar da nake koyarwa takardun jarrabawa. Lissafin da ke ciki daga littafinta na aiki na kwafo shi, maganganun kuma kamar yadda ita da uwar mijinta suka maimaita mini.

Kafin Nuwamban 2022

Shekarunta 33 lokacin da mijinta ya rasu, 'ya'yanta uku, namiji ɗaya mata biyu. Haifaffiyar Sakkwato ce. Ta yi NCE a Hausa da Turanci a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ta ɗan koyar a wata firamare, ta bari bayan haihuwar fari. Mijinta yana da ƙaramin shagon ɗab'i ba nisa da babbar kasuwa: tsohon injin bugu mai launi ɗaya, injin yanka takarda, janareta, da yara biyu, ɗayansu ƙaninsa ne uwa ɗaya uba ɗaya. Katin biki, rasit, kalandar islamiyya, takardun jarrabawa, da su ake ci.

Shi ɗan makarantar allo ne da ya koyi sana'a da hannu, bokonsa bai wuce firamare ba. Duk takardar da ta zo da Turanci sai ya naɗe ta ya kai gida. Tun wajen 2016 ta koyi CorelDraw, manhajar zane da tsara shafi, a kan laftof ɗinsa, kuma kafin 2020 kusan kowane shafi da ya fita daga shagon ita ta tsara shi ko ta fassara shi. Masu kawo aiki ba su sani ba. Ba ta taɓa karɓar kuɗin aiki ba, ba ta kuma tambaya ba. Kuɗin cefane ne, in ji ta, ko ta wace ƙofa ya shigo.

In ta gama fassara, takan karanta masa da ƙarfi yana cin tuwon dare. In ya ci gaba da kai loma, jimlar ta zauna. In ya tsaya da lomar a hannu ya ce "mi?", sai ta sa alama ta sake. Ba ya gyara mata, don bai san abin da Turancin ya ce ba. Tsayawa kawai yake yi.

Ya rasu a mako na biyu na Nuwamban 2022, bayan jinyar kwana shida.

Nuwamba 2022 zuwa Maris 2023: takaba da fastoci

Takaba wata huɗu ce da kwana goma, tata kuma ta faɗo daidai kan kakar masu ɗab'i. An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 25 ga Fabrairun 2023, na gwamnoni kuma ranar 18 ga Maris bayan an ɗage shi da mako guda. A shekarar zaɓe mai shagon bugu yake biyan bashin shekara uku.

Bayan kwana arba'in dangi suka zauna kan gado. Baffan mamacin ne ya jagoranta, malamin zaure a cikin gari wanda aka sani da rubuta allon zayyana. Aka fara da bashi, kamar yadda shari'a ta ce. Mamacin yana da littafin bashi mai shuɗin bango, dukkansa da ajami ya rubuta shi, Baffa ya karanta shafi-shafi ana lissafi. Abin da ya saura, mata tana da tumuni tunda akwai 'ya'ya, uwa tana da sudusi, sauran na yaran ne, namiji rabon mata biyu. Ƙanin, wanda hannunsa ne kawai ya iya juya injin, ba shi da ko kwabo, don ɗa namiji ya shamakance shi. Aka yarda kada a sayar da komai sai an ga bayan zaɓe.

Da mutane suka watse ta ɗauki littafin. Ta yi makarantar allo, tana karanta Alƙur'ani, amma ajamin hannu da aka yi cikin sauri, rabinsa babu wasali, ya gagare ta. Shekara takwas tana warware masa Turancin mutane, ba ta iya karanta hannunsa ba. Ta mayar da shi cikin akwati.

Abin da aka fara gwadawa shi ne abin da kowa zai ce a yi: ta riƙe aiki don ta rage tunani, shago kuma ya samu. Ƙanin yana turo hotunan 'yan takara ta WhatsApp, ita tana tsarawa daga ɗaki. Tsakanin tsakiyar Disamba da ƙarshen Fabrairu ta yi fasta 74, na jam'iyyu uku. Aikin iri ɗaya ne: a share tabo a fuska, a ƙara hasken fata, a daidaita hula, a liƙa kirarin da aka turo.

Sai ga canjin kuɗi. Sababbin takardun naira sun fito ranar 15 ga Disamba, kafin ƙarshen Janairu tsabar kuɗi ta ɓace daga hannun mutane. Masu kawo aikin siyasa sukan tura kafin alƙalami ta waya, su ce ciko sai an ci zaɓe. Waɗanda suka faɗi suka kashe wayoyinsu. Waɗanda suka ci, ganinsu ya fi na waɗanda suka faɗi wuya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin fastocin bai shigo ba har yau.

Ita kuwa barcinta bai wuce awa uku zuwa huɗu a dare ba. Yadda ta kwatanta watannin: "Hannu shina aiki, ni ko ba ni nan." Ta fita takaba a makon zaɓen gwamna, ana saura 'yan kwanaki a ɗauki azumi.

Afrilu zuwa Agusta 2023: fassarar intanet

Bayan ƙaramar salla ta koma gidan iyayenta a Mabera da 'yan matan biyu. Namijin ya zauna wajen kakarsa a cikin gari saboda karatun allo a zauren Baffa. Shawarwari suka yi ta zuwa: ta yi aure, ta sayar da atamfa ta waya, ta koma aji. Albashin da wata makaranta ta yi mata tayi ba zai biya kuɗin Keke Napep na wata ba, musamman da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu litar fetur ta haura naira 500.

Wata da suka yi kwaleji tare ta haɗa ta da aikin fassara ta intanet, ana biya da dala a kan kowace kalma. Da naira ta faɗi a watan Yuni, kuɗin ya zama abin kirki. A wata biyu ta biya kuɗin makarantar yara ta sayi ƙaramar sola. Ta fuskar aljihu, babu abin da ta yi kafin nan ko bayan nan da ya kai shi.

Aikin kansa gutsattsarin jimloli ne na manhajojin waya, suna zuwa a jere cikin akwatuna, wasu kwamfuta ta riga ta fassara ana so a gyara. Ba a nuna mata shafin da za su zauna. Akwai kalmar Turanci guda da take ɗaukar ma'anar adanawa da ta ceto, wata kuma tana nufin gida tana nufin shafin farko. In suka zo su kaɗai, sai dai ta yi canki. Wani mai dubawa da ba ta san ko a wace ƙasa yake ba yakan ja layi ƙarƙashin duk kalmar da ta yi ƙamshin Sakkwatanci. Wannan bai ɓata mata rai ba, don ita kanta ta koyar da cewa daidaitacciyar Hausa a kan harshen Kano aka gina ta, tun zamanin aikin Zariya da ya haifi Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Abin da ya dame ta, ba wanda za ta tambaya "wa zai karanta wannan?" ya ba ta amsa.

Takan yi kalma 1,500 zuwa 2,000 a rana. Ta ce in magariba ta yi ba ta iya tuna jimla ɗaya daga cikinsu. A watan Agusta ta saɓa wa'adi sau biyu, aikin da ake turo mata ya ragu.

A duk wannan lokaci sau biyu kacal ta je gidan uwar mijinta. Akwai kunya, akwai kuma bakin mutane: bazawara mai ƙuruciya da take yawan zuwa gidan da ƙanin miji marar aure yake, ba tare da wani aike ba, ta ba unguwa abin hira. Ɗanta sai a waya.

Satumba 2023: takardar farko

Damina lokacin amai da gudawa ce, kuma mutanen jihar ba su manta da kwalarar 2021 ba. Wata ƙungiya ta mata ma'aikatan lafiya da suka yi ritaya ta kawo wa ƙanin shafi ɗaya na Turanci a kan yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari na ƙunshi, wanda asibiti ke kira ORS, da ƙwayar zinc da ake ba yaro tare da shi. Suna son kwafi 2,000 da Hausa. Ta fassara cikin awa ɗaya, ba ta bar komai ba, ta tsara a kan A4 da hoton da ta samo a intanet.

Matsala ta farko a wajen yin farantin bugu ta faru. Kwamfutar can ba ta da nau'in haruffan da ta yi amfani da shi, sai ɓ da ɗ da ƙ suka zube, akwatuna suka maye gurbinsu. Ƙanin, don sauri, ya bi ya cike da b da d da k. "Ƙara" ta koma "kara", "ɗaya" ta koma "daya". Mai karatu yana iya cankar ma'ana, amma ita da ta gani ta ce kamar an fita da ita ba kallabi. Wannan laifinta ne, ta yarda: da ta mayar da haruffan zane kafin ta tura, da ba a yi haka ba. Mijinta ne ya saba yin wannan matakin, ba ta ma san yana yi ba.

Cikin mako biyu ƙanin ya sayi ƙosai a bakin kasuwa aka naɗe masa a cikin takardar.

Ta ɗauki kwafi ɗaya ta tafi cikin gari, don yanzu tana da aike. Uwar mijinta ta haura 60, ba ta yi boko ba, amma tana karanta waƙoƙin wa'azi na ajami tun tana amarya.

"Inna, ga aikin da munka yi."

Tsohuwar ta juya takardar ta miƙo mata. "Ɗiyata, ni boko ba ni ganinai. Karanta mani."

Ta fara: "A narkar da ƙunshi ɗaya a cikin lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa."

"Tsaya. Ni litad da nis sani ta kananzir ta."

Ta ci gaba har ta kai "alamomin ƙarancin ruwa a jiki".

"Ƙishirwa kika nuhi?"

Ta yi bayani. Inna ta ce, "To ki ce haka nan mana. Maɗiga ta hwaɗa, ido ya zurma, baki ya bushe, ɗiya ya bar hitsari. Wace uwa ta ba ta san wanga ba?"

Jimla 14 ce a shafin. Inna ta tsayar da ita sau tara. Ta koma Mabera da takardar duk alamar biro, kuma ta ce a Keke ta fara sake jimlolin a ka tun kafin ta isa gida.

Oktoba zuwa Disamba 2023: ajamin kwamfuta

Ƙungiyar ba ta da kuɗin sake bugu, ba ta kuma nema ba. Ita ce ta ɗora wa kanta sake takardar, da boko da ajami. Ta sake Hausar tukuna. Lita ɗaya ta zama ledar fiya wata biyu, bayan ta sayo na kamfanoni daban-daban ta auna da jug ta ga ba duka suke daidai ba, don haka ta ƙara da cewa mai lamba 50 a jiki, ma'aikatan lafiyar kuma suka tabbatar mata ƙunshin da suke rabawa na lita ɗaya ne. "Awa 24" ta zama "in ya kai gobe war haka, a zubar a haɗa sabo". Gudawa ta zauna a ɓangaren boko, zawo ya shiga na ajami. Kowace Alhamis da la'asar takan kai wa Inna abin da ta gyara.

Sannan ta buga ajamin da haruffan Larabci da ke cikin kwamfuta, ta fitar da shafi ɗaya ta kai. A nan aka yi kuskuren da ya fi kowanne koyar da ita. Layi na uku yana cewa "a fara ba shi da zarar zawo ya soma". Inna ta karanta "a ƙara ba shi". Ta sake dubawa, ta sake cewa "ƙara".

Dalilin ɗigo ne. Haruffan kwamfuta zubin Gabas ne, irin na littattafan Masar da Saudiyya: fa tana da ɗigo ɗaya a sama, ƙaf yana da biyu. Wanda ya yi karatun allo da Warshu kuwa, zubin Magrib ya gada: fa ɗigonta a ƙasa yake, harafin da ke da ɗigo ɗaya a sama shi ne ƙaf, kuma da ƙaf ajami yake rubuta ƙ. Duk fa ɗin da kwamfuta ta buga, idon Inna ƙ yake gani. Ga kuma ɗigon imala da ake sa wa harafi a ƙasa don ya ba da wasalin e, wanda babu shi a haruffan, da harafin tsa mai ɗigo uku da ya fito akwati. Inna ta ajiye takardar ta ce, "Wanga rubutun Larabawa na. Kai ma Malam shi rubuta maki."

Baffa ya ƙi. Hujjarsa ba ta da alaƙa da magani ko da ita. Ya ga abin da ya sami takardar farko, kuma ba zai sa hannunsa ya rubuta baƙaƙen Alƙur'ani a kan abin da zai ƙare a bola ba. Ƙanin ya kawo tasa hujjar: ai akwai ajami a jikin naira 200 da 500 da 1,000, ko da an cire shi daga ƙananan takardu a 2007, kuma kuɗi ba inda ba sa shiga.

"Ka taɓa ganin an naɗe ƙosai da naira dubu?" in ji Baffa.

Aka yi wata ɗaya maganar tana nan. Inna ce ta karya ta, ta hanyar da su biyun ba za su iya ba. Ta tuna masa Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta mayar da waƙoƙin mahaifinta daga Fillanci zuwa Hausa ta kuma yi nata, jajinta suna ɗauka suna kai wa matan ƙauye. Ta ce ba a ji Shehu ko Bello sun ce a ɓoye ilimi don tsoron inda takarda za ta faɗi ba. Baffa ya yarda da sharuɗɗa uku: babu bisimilla, babu aya, babu sunan Allah ko'ina, har "in Allah ya so" da ke ƙarshe sai da aka cire, abin ya zama ba mai naɗuwa ba, kuma shi zai ga kwafin ƙarshe.

Janairu zuwa Maris 2024: katin

Tambayar Baffa game da naira dubu ita ta zama tsarin aikin. Takarda ta koma kwali mai kauri, rabin A4, da huji a sama da zare, don a rataye shi a ƙusa kusa da kalanda. Kwali ba ya naɗe ƙosai.

Baffa ya rubuta kanun da alƙalamin kara da tawada a kan farar takarda, ta ɗauki hotonsu ta goge datti a kwamfuta. Ƙananan layukan da ba za su yiwu da hannu ba ta buga su da wani nau'in haruffa mai suna Alkalami, wanda ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL ta fitar kyauta a kan zubin rubutun Kano. Fa ɗinsa ɗigo a ƙasa, imala tana nan. Inna ta ce hannun Kanawa ne, amma yana karantuwa.

Hotuna sun ci mako uku. Da farko ta jera su daga hagu zuwa dama, wata mai karatun ajami ta fara daga hoton ƙarshe. Ta yi fuska biyu, kowace da jerinta, sai wuri ya ƙare. Daga baya ta sauko da hotunan a tsakiyar kati daga sama zuwa ƙasa: hannu ana wankewa, leda biyu da ƙunshi ɗaya a kan kwano, uwa da cokali, kwano ana zubarwa. Ajami yana tasowa daga gefen dama, boko daga gefen hagu, kowane layi yana ƙarewa a jikin hotonsa. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya bi hoto ya sauka. A bayan katin akwai akwatuna goma na kwanakin zinc da za a riƙa sokewa, da tunatarwar a ci gaba da ba da nono, da alamomin da in an gani sai asibiti: jini a kashi, yaro ya kasa sha, ko yana amayar da komai.

Ta so ta yi baƙaƙe da baƙi, wasula da ja, kamar yadda ake yi a Alƙur'anin hannu. Injin launi ɗaya ne, sai kati ya bi ta cikinsa sau biyu, kuma tsohon inji ba ya sauke na biyu daidai kan na farko. A gwaji jan ya goce kaɗan, wasula suka hau kan baƙaƙen maƙwabta. Aka yi asarar kwali 50. Rubutu duka ya koma baƙi, jan ya tsaya a hotuna da gefe. Adon gefen daga wani tsohon matashin fata na Inna ta kwafo shi, aikin dukawan Sakkwato, don Baffa ya hana a taɓa zanen zayyana.

Kafin bugu ta gwada a makarantar matan aure da ke unguwar Inna, da mata 12. Takan miƙa wa mace katin, ta ajiye mata kwano da ledar ruwa huɗu da ƙunshi biyu, ta yi shiru. Da takardar Satumba, uku suka iya karantawa, biyu suka haɗa daidai. Da katin, goma suka haɗa daidai. Biyun da suka kuskure duk ƙunshi biyu suka zuba, don a hoton ƙunshin yana da inuwa da ta yi kama da na biyu. Ta cire inuwar.

An buga kati 1,000 a farkon Maris. Kuɗinsu ya ɗara na takarda 2,000 na farko. Matan ƙungiyar suka yi karo-karo suka biya kwali da tawada. Ita ba a biya ta ba.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris. A cikinsa ta fito da littafin bashin, bayan wata biyar tana zama gaban Inna da Baffa, ta karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, ban da shafi biyu da ya taƙaita har Baffa ma bai warware ba. Babu wani saƙo gare ta a ciki. Farashin takarda ne, da tawada, da wanda ya biya da wanda bai biya ba. Sai dai yadda yake magana haka ya rubuta: "rim biyat", "hwarar takarda", "ya biya rabi, saura in ya tashi". Ta ce ta kusa shekara ɗaya da rabi ba ta ji muryarsa ba sai a wannan lissafin.

Afrilu zuwa Disamba 2024

A watan Yuli matan ƙungiyar suka zaga gida 40 a unguwa biyu da aka raba katin. A gida 27 suka same shi a rataye. Ba su ƙirga yaran da suka yi zawo ko suka warke ba.

Ayyuka masu rubutu biyu suka fara shigowa shagon: jadawalin islamiyyu biyu, littafin zubi na wasu masu adashe, takardar jikin leda ta wani mai sayar da irin albasa. Wani mai maganin gargajiya ya kawo nasa mai warkar da cuta 20, ta ƙi. Abin da take samu daga irin wannan aiki bai kai rabin na intanet ba, don haka ta riƙe na intanet safiya uku a mako.

A watan Mayu dangi suka sake zama. Aka ba ƙanin hayar injin wata-wata, kuɗin yana shiga rabon magada, kuma aka yanke mata kuɗin tsarawa a kan kowane aiki. Ƙanin bai ji daɗin wannan ba, sun yi mako uku sai dai aike. Allon shagon har yanzu sunan mamacin ne a jiki. Barcinta ya koma awa shida. Maganar aure tana nan, ta ce ba ta rufe ƙofa ba.

Abin da nake gani

Dole a rage wa katin yabo kafin a ba shi nasa. Mata 12 na makaranta ɗaya ba gari ba ne, kuma sun san surukar wa ke gwada su. Kati a ƙusa ba shaida ce ta cewa an bi abin da ya ce ba. Ta fuskar ita kanta, lokaci ya yi nasa aikin: wanda aka yi wa rasuwa a Nuwamban 2022 zai fi samun barci a 2024 ko da bai tsara komai ba. Kuma kowace Alhamis tana ganin ɗanta, abin da shi kaɗai ya isa ya sauƙaƙa wa uwa.

Duk da haka ina ganin ayyukan uku sun bambanta ta hanyar da za a iya nunawa. Fastoci da fassarar intanet sun cika mata lokaci, na biyun har da aljihu, kuma duk wanda ya ba ta shawarar ta riƙe aiki bai yi kuskure ba. Amma a cikinsu babu wanda zai tsayar da ita. Ɗan takara fuskarsa yake dubawa, mai dubawa na intanet ƙa'ida yake bi. Dangi sun lissafa inji da janareta da bashi, ba wanda ya lissafa mutumin da yake tsayawa da loma a hannu, ita kanta ba ta san wannan yana cikin abin da ta rasa ba sai da Inna ta ce "tsaya". Shi ya sa nake ɗaukar takardar Satumba, wadda ta lalace ta kowace fuska, a matsayin wurin da lamarin ya juya, ba katin Maris ba.

Na kuma lura duk abin da ya gyara katin daga wanda ya ƙi shi ya fito: kwalin daga ƙin Baffa, hotunan tsakiya daga matar da ta fara daga ƙarshe, baƙin rubutu daga injin da ba ya saiti. Wanda ya koyi tsara shafi a gaban kwamfuta kaɗai, irin yaran da nake gani a shagunan bakin kasuwa, ba ya haɗuwa da ko ɗaya daga cikin waɗannan sai bayan an buga an raba.

Akwai gibin da ba a cike ba. Katin ya ɗauka akwai fiya wata da kuɗin sayensa, abin da ya dace da cikin gari amma bai dace da ƙauyukan da ƙungiyar take son kai shi ba, inda sai dai a tafasa ruwan rijiya a auna. Inna ta ce a auna da moɗa. Alhamis ɗin ƙarshe da na je, na tarar da su a tsakar gida da moɗa biyar da ta sayo a kasuwa da jug ɗin awo, ɗanta yana zuba ruwa tana rubutawa. Babu biyu da suka zo daidai.